Ma'anar Mbps, da dalilin da sabis ke cika amma intanet na rarrafe

Mbps shi ne ma'aunin saurin intanet, shi ake bugawa a kwalin rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) da tallan kamfanonin waya. Yana nufin miliyoyin bit nawa ke wucewa ta layinka a cikin daƙiƙa guda. Bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, sai an haɗa takwas suke zama bait ɗaya, kuma da bait ake auna girman fayil da datar da muke saya. A nan jama'a ke ruɗewa. Wanda layinsa ke ba shi Mbps 8 kada ya sa ran sauke MB 8 (wato bait miliyan 8) a daƙiƙa, MB 1 zai samu. Ke nan bidiyon karatu mai MB 60 zai ci masa kimanin minti ɗaya.

Amma wannan lissafi na takarda ne. Mai rauta ko MiFi a ƙauye ya san cewa da asuba intanet na gudu, bayan sallar isha'i kuwa ko hoto ya ƙi buɗewa a WhatsApp, alhali sandunan sabis a cike suke. Dalili shi ne sandunan nan ba sauri suke nunawa ba. Ƙarfin siginar da ke tsakanin na'urarka da ƙarfen sabis kawai suke nunawa. Shi kuwa saurin, rabonsa ake yi. Ƙarfen sabis kamar tankin burtsatse ne da ke shayar da gari ta bututu guda: in kai kaɗai ka buɗe famfo sai ruwa ya zo da ƙarfi, in kowane gida ya buɗe sai ya koma ɗigo. A birni ƙarafunan na kusa da juna, kowanne da 'yan unguwanninsa. A karkara ƙarfe ɗaya kan ɗauki ƙauyuka da dama, kuma sau da yawa da ƙaramin zangon siginar rediyo yake aiki, irin su MHz 800, wanda ke cin nisa amma ba ya ɗaukar kaya da yawa. Shi ya sa kamfani ke rubuta "har zuwa" kafin adadin da yake tallatawa. Iyakar abin da layin zai iya ne aka faɗa maka, ba abin da za ka samu kullum ba.

Akwai kuma abin da ke bayan ƙarfen, wanda mai gida ba ya gani. Dole ƙarfen ya miƙa bayanan zuwa babbar hanyar kamfani, ko ta wayar faiba ta ƙarƙashin ƙasa, ko ta farantan nan masu kama da ganga da ke harba sigina daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Ruwan sama mai ƙarfi na raunana siginar farantan. Masu aikin titi na tsinka faiba. Man janareto na ƙarewa. Wani lokaci ma matsalar daga teku take: a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi kwanaki yana wahala a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. A irin wannan rana, kashe rauta da kunnawa ba zai tsinana komai ba.

Abin da ke damuna shi ne kuɗin da mutane ke zubarwa kafin su gano bakin zaren. A sayi sabuwar rauta, a canja layi, a ƙara data, ciwon na nan. Gwaji kyauta yake, in ban da 'yar datar da yake ci. Buɗe shafin auna saurin intanet, Speedtest ko fast.com, ka auna da sassafe, da rana, da kuma dare, na 'yan kwanaki, kana rubutawa. In saurin na faɗuwa da dare kawai, cunkoso ne a ƙarfe, babu laifin na'urarka. In kullum a ƙasa yake, to ka duba gida. Rufin kwano da katanga mai kauri na tare sigina, don haka ka fitar da rautar tsakar gida ko ka ɗora ta a taga mai fuskantar ƙarfen, ka sake aunawa. In an samu bambanci sosai, eriyar waje da aka ɗaga kan dogon ƙarfe za ta biya kuɗinta. Ka kuma ƙirga wayoyin da ke kan Wi-Fi ɗin, don lambar sirri na yawo a maƙwabta fiye da yadda masu gida ke zato. In kuwa sauri ya faɗi gaba ɗaya wajen ƙarshen wata, ka karanta sharuɗɗan datarka, domin tsare-tsare da yawa da ake kira marasa iyaka na rage gudu da zarar an kai wani adadi.

Gwajin zai nuna maka wata lamba da ake kira ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In ta yi yawa, ita ce ke sa murya ta riƙa jinkiri a kiran bidiyo ko da Mbps na da yawa. Tsofaffin taurarin ɗan'adam masu ba da intanet da ke nisan kilomita kusan 36,000 kan ba da ping wajen 600. Na Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023, na shawagi ne a kimanin kilomita 550, shi ya sa jinkirinsa bai kai haka ba, sai dai kuɗin kayansa ya fi ƙarfin yawancin gidajen karkara, kuma shi ma hadari na taɓa shi.

In ka tabbatar matsalar daga kamfani take, ka kai ƙorafi da alƙaluman da ka rubuta, da ranaku da lokuta, ka karɓi lambar ƙorafin. A Najeriya, in suka yi biris, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, na karɓar koke kyauta ta lamba 622.