Maganin Asibiti Ga Mai Jarabar Tiramol, Kodin ko Giya: Tambayoyi da Amsoshi

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan magungunan dangin ofiyom, irin su tiramol da kodin, ba da izinin likita ba. A watan Mayu na shekarar gwamnati ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma haramcin bai cire jarabar daga jikin waɗanda suka riga suka kamu ba. Ga abin da iyalai suka fi tambaya a asibiti.

Da gaske akwai maganin da ake ba mai shaye-shaye?

Akwai, amma ba ga kowane irin shaye-shaye ba. Dangin ofiyom (tiramol, kodin, allurar fenta, hiroyin) suna da magunguna uku: metadon, bufrenofin da naltirekzon. Giya ma tana da uku: naltirekzon, akamfurosat da disalfiram. Wiwi da sholisho ba su da maganin da aka tabbatar irin waɗannan. Likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, su suka yi fice wajen gwada metadon ga masu jaraba a tsakiyar shekarun 1960, kuma a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa metadon da bufrenofin cikin jerin magungunan da suka zama dole ga kowace ƙasa.

Wannan ba musanya ƙwaya da ƙwaya ba ne?

Wannan ce tambayar da iyaye suka fi yi, kuma ba a ga laifinsu ba, domin metadon da bufrenofin ’yan dangin ofiyom ne. Bambancin yana cikin yadda suke aiki. Kodin da hiroyin sukan hau kai da sauri su sauka bayan ’yan sa’o’i, mutum ya shiga hamma, majina, gumi, gudawa da ciwon gaɓoɓi, har sai ya sake samu. Yininsa duka ya ƙare a nema. Metadon kuwa yakan kwana ya yini a jiki, sha ɗaya a rana ya isa. Idan an daidaita awon, ba buguwa, ba azabar rashi, mutum zai iya zuwa kasuwa ko makaranta. Bincike da yawa a ƙasashe daban-daban sun nuna wanda ke kan ɗayan magungunan nan biyu haɗarin mutuwarsa yakan ragu da kusan rabi. A ganinmu wannan hujjar ta fi kowace nauyi.

Yaya ake fara metadon?

Da kaɗan. Ranar farko miligiram 10 zuwa 30, kuma jimillar ranar ba ta wuce 40. Daga nan a riƙa ƙara 5 zuwa 10 bayan kowane kwana uku zuwa biyar, har a kai awon da ke riƙe mutum, wanda ga mafi yawa yake tsakanin 60 da 120. Dalilin tafiya a hankali shi ne metadon taruwa yake yi: na jiya bai gama fita ba na yau ya hau kai. Awon da bai yi wa mutum komai ba ran Litinin zai iya danne masa numfashi cikin barci ran Alhamis. Shi ya sa makonni biyun farko suka fi kowane lokaci haɗari, kuma a gaban ma’aikacin lafiya ake shan sa. Haɗa shi da giya ko magungunan barci irin su Valium da Rohypnol shi ne abin da ya fi kisa. Yakan kuma taɓa bugun zuciya, don haka mai ciwon zuciya sai an yi masa gwajin ECG. Mai shan rifamfisin na tarin fuka, ko wasu magungunan ƙanjamau kamar efabirenz, dole ya faɗa wa likita, saboda suna sa hanta ta ƙone metadon da wuri.

Bufrenofin fa?

Ƙarƙashin harshe ake sa shi ya narke. Wanda ya haɗiye ya yi asarar mafi yawansa. Ya fi metadon sauƙin haɗari domin idan ya kai wani mizani ba ya ƙara danne numfashi, sai fa in an haɗa shi da giya ko maganin barci. Ga masu tiramol da kodin, waɗanda jikinsu bai saba da mai ƙarfi irin hiroyin ba, yawanci shi likitoci kan fifita.

Inda ake kuskure shi ne lokacin farawa. Bufrenofin yakan ture duk wani ɗan ofiyom da ya tarar a gurabensa cikin ƙwaƙwalwa ya zauna, alhali ƙarfinsa bai kai nasu ba. Idan an ba mutum shi da sauran ƙwaya a jikinsa, cikin awa guda sai amai, gumi da murɗawar ciki su taso masa gaba ɗaya, kuma da yawa daga nan ba sa sake yarda da maganin. Don haka ake jira aƙalla sa’o’i 12 daga sha na ƙarshe, fiye da haka ga mai fitowa daga metadon, har sai an ga alamun rashi da ido: ƙwayar ido ta buɗe, tsigar jiki ta tashi, hanci na zuba. Sai a ba da miligiram 2 zuwa 4, a duba bayan awa ɗaya ko biyu, a ƙara. Mafi yawa sukan tsaya tsakanin 8 da 24 a rana. Bayan ya narke a kurkure baki da ruwa, don yana cin haƙori.

Me ya sa tiramol ya fita daban?

Aiki biyu yake yi: na ofiyom, da kuma irin na magungunan ciwon damuwa. Iyakar da likita ke rubutawa miligiram 400 ce a rana, amma na bayan fage ƙwaya ɗaya kan kai 225, biyu sun riga sun wuce iyaka. Daga nan jijjiga ke zuwa, a ɗauka farfaɗiya ce ko iska. Wajen yankewa ma wasu kan shiga firgita, ruɗewa da gane-gane. Ana sauko da shi ne mataki-mataki, ko a koma bufrenofin.

Me zai hana a kulle shi kawai har abin ya fita daga jikinsa?

Azabar rashin ofiyom takan lafa cikin mako guda zuwa kwana goma, amma sha’awar takan ɗauki watanni. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa ƙwaya ba tare da wani magani ya biyo baya ba sukan koma. Abin tsoron kuma shi ne jiki ya riga ya manta sabon da ya yi. Wanda ya fito daga gidan mari, gidan yari ko kwanciyar asibiti, ya koma kan adadin da yake sha a da, wannan adadin yanzu zai iya tsayar masa da numfashi. Makonnin farko bayan fitowa su ne aka fi mutuwa.

Naltirekzon na wane ne?

Ba ɗan ofiyom ba ne. Toshe gurabe yake yi, ko an sha ƙwaya ba a jin komai. Ƙwayar miligiram 50 ce kullum, ko allurar 380 sau ɗaya a wata. Sharaɗinsa kwana 7 zuwa 10 ba ko ɗigon ofiyom a jiki, kuma a duba lafiyar hanta. Matsalarsa ita ce mutum kan daina sha ranar da ya yi niyyar komawa. In tiyata ko haɗarin mota ya taso, a sanar da likita, domin magungunan kashe zafi na dangin ofiyom ba za su kama ba.

Mai shan giya kullum zai iya daina ta rana ɗaya?

Kada ya yi shi kaɗai. Yanke ofiyom azaba ne, yanke giya kuwa yana kisa. Karkarwar hannu da gumi sukan fara sa’o’i 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, jijjiga cikin kwana biyun farko, sannan a kwana na biyu zuwa na huɗu wasu su shiga ruɗewa mai tsanani da zazzaɓi da gane-gane. Ana ba da dayazifam (wato Valium) a riƙa rage shi cikin kamar mako guda. Mai ciwon hanta a ba shi lorazifam. Ana kuma yin allurar bitamin B1 kafin ƙarin ruwa mai sukari, ko tare da shi, don rashinsa na lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya kasa riƙe sabon abu. Duk wanda ya taɓa jijjiga a yankewar baya, kwantar da shi ake yi.

Bayan ya fita, me zai riƙe shi?

Naltirekzon na rage daɗin da giya ke bayarwa, ya hana kofi ɗaya zama kwalba biyar. Akamfurosat na kwantar da rashin barci da rashin sukuni. Ƙwaya biyu ta miligiram 333 sau uku a rana, ana ragewa ga mai nauyi ƙasa da kilo 60. Ƙoda ce ke fitar da shi, don haka ya dace da mai matsalar hanta, bai dace da mai ciwon ƙoda ba. Disalfiram, wanda aka fi sani da Antabuse, ba ya rage sha’awa. Hana jiki ƙarasa narkar da giya yake yi, in an sha fuska ta yi zafi, zuciya ta yi ta bugawa, amai ya biyo. Tasirinsa kan kai mako biyu bayan dainawa. Kada a kuskura a zuba wa mutum shi a abinci a ɓoye, ko da kyakkyawar niyya: mai ciwon zuciya zai iya mutuwa.

Mai juna biyu da mai azumi fa?

Mai juna biyu kada ta yanke ofiyom farat ɗaya, yana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Ana ɗora ta a kan metadon ko bufrenofin, a sa ido kan jariri kwanakin farko, kuma za ta iya shayarwa. Mai azumin da ke kan metadon ko bufrenofin kuwa likita zai iya mayar masa da lokacin sha zuwa sahur ko bayan shan ruwa, tunda sau ɗaya ne a rana.

Har yaushe za a sha, kuma ina za a je?

Na giya wata 6 zuwa 12. Na ofiyom yakan wuce shekara, kuma saukowar a hankali ake yi, bayan mutum ya samu sana’a da natsuwa a gida. Ana haɗawa da zaman shawara da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, musamman ga masu allura. A fara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ba kowane asibiti ke da kowane magani ba, a tambayi abin da suke da shi.

In an tarar da mutum ya sha ɗan ofiyom ya wuce kima?

Alamun su ne ba ya farkawa, numfashi ya ragu ko yana wani irin minshari, leɓe ya canza launi, ƙwayar ido ta tsuke. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, in numfashi ya tsaya a hura masa iska baki da baki, a garzaya asibiti. Maganin shi ne allurar nalokzon, wadda ke farfaɗo da numfashi cikin mintuna. Aikinta kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, metadon kuwa na nan a jiki, don haka ko ya farka ya ce ya warke, kada a tafi da shi gida sai likita ya sallame shi.