Tsufa kaɗai ba ya sa wuƙa ta yi tsada

An daɗe ana ɗauka cewa a cikin wuƙaƙen nan da ake danna maɓalli su buɗe da kansu, tsohuwa kullum ta fi sabuwar da gwanin maƙeri ya ƙera da hannu daraja. Ba haka abin yake ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, maƙeran garin Maniago na Italiya sun yi ta tura irinsu Amurka jibgi-jibgi, har dokar 1958 ta hana shigar da su. Da yawansu kayan araha ne, kuma shekaru ba su ƙara musu komai ba. Wadda masu tarawa ke rububi ita ce mai tambarin Latama ko Coricama (sunayen kasuwanci na wuƙaƙen Maniago) a gindin ruwanta, ƙotar ƙahonta ba ta tsage ba, sifirin ɗinta na asali, tana buɗewa ƙarau ba tare da ruwan ya yi lilo ba. Abin takaici, wasu kan goge ta da inji don ta yi ƙyalli, su kashe mata kasuwa da hannunsu.

Sabuwa ta gwanin maƙeri kuwa, sunansa ake saye, da ƙarancin abin da ya ƙera. In ba sananne ba ne, da wuya ka mayar da kuɗinka ranar sayarwa.