Ma'anar "tikitin Musulmi da Musulmi" da yadda ake kasuwar tsoro da shi

A bakin 'yan siyasar Najeriya, tikiti na nufin mutum biyun da jam'iyya ta tsayar tare, ɗan takara da mataimakinsa. Sashe na 142 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce takarar shugaban ƙasa ba ta inganta sai ya ɗauki abokin takara daga jam'iyyarsa, sashe na 187 kuma ya faɗi haka game da gwamna. Dangwale ɗaya ake yi musu, kuma a takardar ƙuri'a ma ba sunayensu ake gani ba, tambarin jam'iyya ne. Idan aka ce tikitin Musulmi da Musulmi, wanda a majalisar shayi aka fi kira "Muslim-Muslim", ana nufin su biyun addininsu ɗaya ne, Musulunci.

Doka ba ta hana ba. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 14(3) ya nemi a raba muƙamai ta yadda 'yan wasu jihohi ko ƙabilu ko ɓangarori ba za su mamaye gwamnati ba, amma bai ce uffan kan addinin shugaba da mataimakinsa ba. Haɗa Musulmi da Kirista al'ada ce da jam'iyyu suka ɗora wa kansu, irin ta karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa. Haka aka ga Shagari da Ekwueme a 1979, Obasanjo da Atiku a 1999, 'Yar'aduwa da Jonathan a 2007, Jonathan da Namadi Sambo a 2011, Buhari da Osinbajo a 2015.

Sai dai an sha keta al'adar ba tare da ƙasa ta girgiza ba. A 1979 Awolowo ya tsaya da Philip Umeadi, Azikiwe ya tsaya da Farfesa Ishaya Audu, dukansu Kiristoci. A 2011 jam'iyyar ACN ta tsayar da Nuhu Ribadu da Fola Adeola, Musulmi biyu, kuma da kyar aka ji mai ƙorafi, domin ba a ɗauka za su ci ba. Wanda aka fi tunawa shi ne na 12 ga Yunin 1993: Abiola da Babagana Kingibe a SDP, suka kara da Bashir Tofa da Sylvester Ugoh na NRC. Abiola ya samu ƙuri'un Kiristoci masu yawa, ya kuma kayar da Tofa a Kano, jiharsa ta haihuwa, kafin Babangida ya soke zaɓen. A jihohi kuwa abin ya zama ruwan dare: ba wanda ke mamakin Musulmi biyu a Kano ko Zamfara, ko Kirista biyu a Filato ko Binuwai. Kalmar tana yin zafi ne inda mabiya addinan biyu ke da yawan da kowa ke ganin yana da haƙƙin kujera, wato a matakin tarayya da jiha irin Kaduna.

Ta dawo da ƙarfi a Yulin 2022, lokacin da Bola Tinubu ya je Daura ya bayyana Kashim Shettima a matsayin abokin takararsa. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi tir, Babachir Lawal da Yakubu Dogara, waɗanda ke cikin APC a lokacin, suka fito fili suka yi adawa.

Tushen shawarar lissafi ne. Kafin mutum ya ci zaɓen shugaban ƙasa, sashe na 134 ya ce sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jiha 24. A rajistar 2023 mai ɗauke da mutum sama da miliyan 93, Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki, da sama da miliyan 22, Kudu maso Yamma na biye da kusan miliyan 18. Tinubu Musulmi ne daga Kudu, inda in aka haɗa yankunan uku Kiristoci suka fi yawa. Dole mataimakinsa ya fito daga Arewa. In ya ɗauki Kirista ɗan Arewa, ya cika al'ada, amma ya haɗa 'yan tsiraru biyu, tsirarun Kudu da tsirarun Arewa, alhali Atiku, Musulmi ɗan Arewa, na jiransa a Kano da Katsina da Sakkwato. In ya ɗauki Musulmi, ya kare waɗannan ƙuri'u, ya sadaukar da wasu a Filato da kudancin Kaduna da Kudu maso Gabas, inda dama ba a nan ƙarfin APC yake ba. Duk Musulmin Kudu da ya nemi kujerar zai tarar da wannan tsaka mai wuya, shi ya sa Abiola ma ya faɗa cikinta. Kiristan Arewa da ya samu tikiti zai tarar da irinta ta ɗaya gefen. Akwai kuma wani abu da ke ƙara dagula lissafin: ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ba, saboda haka kowane ɓangare na iya cewa shi ne mafi rinjaye, ba takardar hukuma da za a ƙaryata shi da ita.

Lissafi irin wannan ba ya fitar da mutum daga gida ya yi awa biyar a layi cikin rana. Abin da ke fitar da shi tsoro ne, kuma a nan aikin masu yaƙin neman zaɓe yake.

Ba sa ƙirƙiro tsoron daga iska. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Tsakanin 1993 da 2022 an yi rikicin shari'a na Kaduna a 2000, rikice-rikicen Jos daga 2001, Boko Haram daga 2009, da tarzomar bayan zaɓen 2011 wadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta ci rayuka sama da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa 12. Kirista yana tuna coci-cocin da aka ƙona, da kisan wata ɗaliba a Sakkwato a Mayun 2022, da harin cocin Owo a watan Yuni na shekarar. Musulmi yana tuna Zonkwa a 2011, da Yelwan Shendam a 2004, da matafiyan da aka tare aka kashe a hanyar Rukuba a Jos a Agustan 2021. Kowane ɓangare ya haddace jerin gawarwakinsa, na ɗan'uwansa kuwa sama-sama ya ji labari. Ɗan siyasa ba ya buƙatar yin ƙarya a wannan mataki, zaɓen abin da zai tunatar kawai yake yi.

Daga nan sai a ɗaura wannan tsohon ciwo a wuyan abokin hamayya. A coci a ce tikitin share fage ne na musuluntar da ƙasa, a tuno da shigar da Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986. A masallaci a ce ai ga shi sun haɗa kai a cocinsu, in kuka bari wannan tikiti ya faɗi, Musulmin Kudu ba zai sake tsayawa ba, kuma an nuna cewa Musulmi biyu abin ƙyama ne. A lura da yadda kowane saƙo ke ciyar da ɗaya. Faifan fasto yana cewa kada a zaɓi Musulmi ya fi yin aiki a wayoyin Musulmi fiye da cocin da aka ɗauke shi, haka faifan malami yake a wayoyin Kirista. Sojojin baka na kowane ɓangare suna farautar mafi zafin bakin ɗaya ɓangaren, su yanko daƙiƙa talatin, su cire abin da ya gabata da abin da ya biyo baya, su watsa a WhatsApp da Facebook a matsayin "abin da suke faɗa a ɓoye". Malami ko fasto mai sassauci ba ya samun wannan talla kyauta.

Ɗan takara da kansa ba kasafai yake furta maganar ba. Yana zuwa gaban kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar da Bishop Matthew Kukah ya sa hannu kan yarjejeniya, yana magana kan cancanta, sai a bar wa wasu ɗaukar kayan. Dalili na doka ne. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta hana a sashe na 92 amfani da wuraren ibada wajen kamfe, da kalaman da za su sosa wa mutane rai ta fuskar addini ko ƙabila. Sashe na 97 ya tanadi tarar da za ta kai naira miliyan 1 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun ga wanda ya yi kamfe da addini, jam'iyya kuma tarar da za ta kai miliyan 10. Naira miliyan 10 ba ta kai kuɗin motocin taro ɗaya ba. Sannan huɗuba ba ta cewa ku zaɓi wane, cewa take ku zaɓi wanda zai kare muku addini, kowa kuma ya gane. Ga batun lokaci: ana rufe kamfe awa 24 kafin ranar zaɓe, zaɓe kuma Asabar ake yi, saboda haka a daren Alhamis lasifikar jam'iyya ke yin shiru. Mumbarin Juma'a ba ya cikin lissafin INEC. Coci ta yi nata tun Lahadi, da tarukan addu'a na tsakiyar mako.

Abin da tsoro ke yi wa mai ƙuri'a shi ne canza masa tambaya. Maimakon wa zai gyara asibiti, sai ta koma wa zai hana su cinye mu. Da zarar ta koma haka, duk wanda ya kawo maganar tarihin ɗan takara ko zargin da ke kansa sai a ce munafuki ne ko an saye shi. Musulmin da ya bi Peter Obi da Kiristan da ya tsaya a APC duk sun sha wannan suna a unguwanninsu. A ganinmu wannan ce ɓarnar da ta fi daɗewa, domin tana hana jama'a tuhumar nasu, wanda shi ne kaɗai ke jin tsoron ƙuri'arsu.

To, ya yi aiki? Sakamakon 25 ga Fabrairun 2023 bai ba kowa cikakkiyar hujja ba. Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Fiye da rabin ƙuri'un Tinubu daga Arewa suka fito, wanda ke nuna lissafin bai tashi a banza ba. Obi kuma ya ci Filato da Nasarawa da Abuja, har da Legas, kuma ba mai musun cewa fushin tikitin na cikin abin da ya tura masa jama'a. Amma Atiku, wanda ya ɗauki Kirista, Ifeanyi Okowa, shi ya ci Katsina da Sakkwato da Kebbi da Kaduna da Bauchi da Gombe da Yobe. Kwankwaso, wanda mataimakinsa bishop ne, Isaac Idahosa, ya cinye Kano da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya. Binuwai, inda Kiristoci suka fi rinjaye nesa ba kusa ba, Tinubu ne ya ci, da tazarar dubu biyu da 'yan kai, a shekarar da APC ta tsayar da limamin Katolika, Hyacinth Alia, takarar gwamna. Ribas ma an ba Tinubu ita, inda Nyesom Wike ke riƙe da akala. Gwamna mai ci, tsarin jam'iyya a mazaɓa, ɗan gida da kuɗi, duk sun yi gogayya da addini, wani wuri sun kayar da shi. Kuma duk da zafin da aka hura, kusan kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne kawai suka fita, mafi ƙaranci tun 1999.

Kaduna ce wurin da aka fi ganin abin tsirara. Tun 1999 al'ada ita ce gwamna Musulmi, mataimaki Kirista daga kudancin jihar, kuma ta wannan hanya Patrick Yakowa ya zama gwamna a 2010 da aka ɗauke Namadi Sambo zuwa Abuja. A 2019 Nasiru El-Rufai ya ɗauki Dakta Hadiza Balarabe, Musulma 'yar ƙaramar hukumar Sanga a kudancin Kaduna, ya cika sharaɗin yanki ya ajiye na addini, ya kuma ci. A 2023 Uba Sani ya maimaita da ita, amma da ƙyar ya sha: 730,002 da 719,196 na Isa Ashiru na PDP. Dabarar da ta ba da tazara mai faɗi a karon farko, a karo na biyu ta tsaya a ƙuri'a dubu goma da ɗoriya.

Shin kujerar mataimaki ta kai a yi mata wannan faɗa? A aikin yau da kullum ikonta kaɗan ne: shugabancin Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, zama a majalisun tsaro da na ƙasa, sai abin da shugaba ya ga dama ya miƙa. Masu cewa tayar safaya ce ba su yi ƙarya ba. Amma tayar safaya ce, wato Jonathan, ta hau mulki a 6 ga Mayun 2010, washegarin ranar da 'Yar'aduwa ya rasu, kuma 'yan Najeriya ba su manta ba. Ga Kiristan Arewa akwai wani abu da ya wuce iko: in ba zai zama ɗan takara ba saboda ƙarancinsa a Arewa, ba zai zama mataimaki ba saboda wannan dalilin, to ta wace ƙofa zai shiga? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kamar yadda ta Musulmin Kudu take, kuma ihun kamfe bai amsa ko ɗaya ba.

Bayan rantsuwa sai aka koma raba daidai ta wasu kujeru. George Akume na Binuwai ya zama sakataren gwamnatin tarayya, Godswill Akpabio shugaban majalisar dattawa, Janar Christopher Musa ɗan kudancin Kaduna babban hafsan tsaro a 2023. Ranar 29 ga Mayu, a jawabin rantsuwa, aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki. A Agustan 2024, da aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, Kano da Kaduna da Jigawa da Borno na cikin inda ta fi zafi har aka sa dokar hana fita, kuma malaman da suka tallata tikitin na cikin waɗanda matasa suka fi jifa da tambaya.