Randa, Buta da Gidan Sauro: Ƙananan Ayyukan da Ke Rage Zuwa Asibiti

Cututtukan da suka fi kawo mutane ƙananan asibitocinmu na Kebbi, daga Kamba har Zuru, sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, tsargiya, sai hawan jini a wajen manya. Idan aka tara mata a gidan mai unguwa aka tambayi abin da ke kawo gudawa, za su faɗa daidai. Amma a leƙa tsakar gida a gani. Sabulu yana ɗaki an ɓoye don kada yara su ɓarnatar, gidan sauro yana cikin ledarsa ana jiran damina ta kankama, moɗa kuwa tana ƙasa a gindin randa inda kaji ke kiwo. Abu biyu ne ke sa aikin kiwon lafiya ya zauna a gida. Kayan yin sa su kasance inda hannu zai kai a lokacin da ake buƙata, sannan a ɗaura shi a jikin wani abin da ba a fashin sa, kamar salla, girki ko shimfiɗar dare. Duk abin da sai an tuna kafin a yi, ranar da aka dawo daga gona a gajiye za a bar shi.

Mu fara da ruwan sha, don nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Ruwa kan fito daga famfon tuƙa-tuƙa tas, ya zo ya lalace a cikin gida. Yaro ya taso daga wasan ƙasa, ya ɗauki moɗa, ya tsoma ta har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da ragowar cikin randa. Daga wannan lokacin duk gidan abin da ke hannunsa suke sha. Gyaran ba ya cin kuɗi. A samu moɗa mai dogon mariƙi ko babban ludayi, a buga ƙusa a bango sama da randa a riƙa rataye shi. Da shi ake ɗiba, amma ba a kafa masa baki, sai dai a zuba a kofi. Randar ta samu marfin da ya zauna daram, ba faifan da iska ke ɗaukewa ba. Kada kuma a riƙa zuba sabon ruwa a kan tsoho: a juye ragowar a yi wanke-wanke da shi, a wanke cikin randar, sannan a cika. Jarka ta fi wuyar wankewa saboda ƙanƙantar bakinta. A zuba mata tsakuwa ƙanana cikin tafin hannu, ɗan sabulu da ruwa, a rufe a girgiza sosai har gansakukar ciki ta fita, a ɗauraye sau biyu ko uku. Jarka ko galan da ya taɓa ɗaukar maganin feshi kuwa ya gama aikin ruwa har abada, komai yawan wankin da aka yi masa, domin roba tana riƙe dafin.

Mutanen bakin gulbi, irin su Argungu, Bunza, Bagudo da Yauri, da yawa ruwan kogi ko na rijiyar fadama suke sha, kuma sun saba jefa alif. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, saboda ido ya riga ya gamsu. Tsarin da ya dace shi ne a tace da tsumma mai tsabta, a sa alif a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama a wani mazubi, sannan a tafasa ko a sa maganin ruwa. Tafasa kuma ba ɗumamawa ba: sai ya yi ta ɓararraka na tsawon minti ɗaya cikakke, a bar shi ya huce a rufe cikin tukunyar da aka dafa shi. Itace ya yi tsada, gaskiya ne, shi ya sa ake tafasa na sha kaɗai, kuma a ɗora tukunyar da zarar an sauke tuwon dare, wutar tana da sauran ƙarfi. Kafin asuba ya huce. Wanda ya zaɓi maganin ruwa mai kulorin, na kwalba ko na ƙwaya, ya bi ma'aunin da ke rubuce a jikinsa, domin ƙwayar da aka yi don lita 20 ba a jefa ta a bokitin da bai kai rabin haka ba. A rufe, a jira minti 30. Ɗan warin da ake ji alama ce ta cewa maganin yana aiki, kuma yana ci gaba da tsare ruwan a cikin jarka, abin da tafasawa ba ta yi. Bayan ambaliya, lokacin da ruwa ya shafe masai da rijiya tare, wannan ba abin sakaci ba ne. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a faɗin Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kebbi na cikin jihohin da ta shiga.

Akwai wata ƙofa da ake mantawa da ita, wato fura. Gida ya gyara ruwan shansa, sai a dama fura da ruwan da aka tarar, ko a jefa ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba. Ruwan damu da na kunun yara daga randar sha za a ɗebo shi. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa ba a ba shi ruwa ko kaɗan, ko a tsakiyar zafin Afrilu. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa ruwa ne. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara yawan ba shi mama.

Wankin hannu ma gurbi yake nema. A saka gutsuren sabulu a cikin tsohuwar safa ko ragar albasa, a ɗaure da igiya a ƙofar bayan gida, kusa da inda ake ajiye buta. Yaro ba zai gudu da shi ba, akuya ba za ta ci ba, kuma ana cuɗa hannu ta jikin ragar kumfa na fita. Idan sabulu ya ƙare, toka mai tsabta daga murhu ta fi ruwa zalla. A cuɗa tafi da baya, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce kamar daƙiƙa 20. Lokutan da suka fi muhimmanci: bayan fitowa daga bayan gida, bayan yi wa yaro tsarki, kafin taɓa abinci, da kafin ba yaro. Kwanon wanke hannu guda ɗaya da ake zagayawa da shi kafin cin tuwo, a daina shi. Wanda ya zo na ƙarshe dattin kowa yake wankewa da shi, kuma galibi ƙaramin yaro ne. A zuba wa juna da buta, ruwan ya zube a ƙasa ko a wani kwano. Kashin jariri kuma, da ake ɗauka ba shi da illa ana watsarwa bayan ɗaki, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba ko ma fiye. Masai ne wurinsa, kuma masan ya kasance da marfi saboda ƙuda.

Duk da haka wata rana gudawa za ta zo, kuma ta fi son dare. Kowane gida mai yara ya ajiye ƙunshin gishirin gudawa guda biyu da ƙwayar zinki tun kafin a buƙata. Ƙunshin da aka yi don lita ɗaya ana zuba shi duka a lita ɗaya, wato ledar fiya-wata biyu. Wasu na rabin lita ne, don haka a duba. Idan babu, a haɗa cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a toro ba, da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Gishirin ya wuce haka yana cutar da yaro. A ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zinki ƙwaya ɗaya ce kullum har kwana 10 zuwa 14, rabi ga wanda bai kai wata shida ba, kuma ba a tsayawa don gudawar ta tsaya. Yaron da ya kasa sha, ko idonsa ya zurma, ko aka ga jini a kashinsa, asibiti kai tsaye.

Sai sauro. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da babu jihar da ta kai shi. Dalili a fili yake: fadamun shinkafa, noman rani, kududdufai da sawun shanu da ruwa ke kwanciya a ciki. Sauro na tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako ɗaya zuwa kwana goma idan ana zafi. Ana iya cike ramukan tsakar gida da kife tsofaffin kwanoni, amma ba wanda zai ce wa manomin Suru ya busar da gonarsa. Saboda haka gidan sauro a nan aikin kowane dare ne, rani da damina.

Sabon gidan sauro mai magani ana shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana ciki, shi ke rage ƙaiƙayin fuska da wasu ke kuka da shi har su watsar. A ɗaura shi ya zauna ɗaure. Da safe a naɗe gefensa sama, da dare a sauke a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane ɓangare. Gidan sauron da sai an kwance an ɗaura kullum ba ya wata guda ana amfani da shi. Lokacin bazara da ake kwana a tsakar gida, a kafa sanduna huɗu a bar su a kafe. Yara ƙanana da ke barci tun bayan magariba a sa su ciki a lokacin, kada a jira sai manya sun gama hira. Wanki sai ya yi datti, kamar sau ɗaya a wata uku, da sabulun wanka a cikin bokiti, ba omo ko bilic ba, ba a gulbi ba, kuma a shanya a inuwa don rana tana kashe maganin. Yakan jure wanki kusan 20 da shekara kamar uku. Ƙaramar ɓula a ɗinke ta ranar da aka gan ta. Wanda ake kewaye lambu da shi ko ake kamun ƙananan kifi, ya zama tsohon da ya mutu, ba wanda aka raba bana ba.

Maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 na kwana uku ne a kowane wata. Ma'aikaci yana ba da na rana ta farko, uwa ke ba da na biyu da na uku, kuma a nan ake samun matsala: wasu na ajiyewa sai yaro ya yi zazzaɓi, wasu na raba wa yayyensa. Ko ɗaya ba ya kare kowa. A ɗaura shi a kan karin kumallo, a gama a kwana ukun. Tun Disambar 2024 kuma Kebbi da Bayelsa suka zama jihohin farko da aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ana yi a wata 5, 6, 7 da 15. Ta huɗun ce aka fi mantawa da ita, kuma allurar ba ta ɗauke wa yaro kwana a gidan sauro ba. Idan zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sayi magani a kemis, minti 15 zuwa 20 ne. In ya tabbata, maganin da aka fi bayarwa sau shida ake shan sa a kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Jin sauƙi a rana ta biyu ba dalilin ajiye ragowar ba ne.

Masu aikin fadama, a taƙaice: fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce, tsargiya ce, daga ruwan da ke da dodon koɗi, kuma tana da magani. Kada a yi fitsari ko bayan gida a ruwa, don ta nan take komawa. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa doguwar riga da takalmi, ya ba iska baya, kada ya ci goro ko ya sha taba a tsakiyar aiki. Ya yi wanka da sabulu kafin ya ɗauki yaro, a wanke kayan feshin daban da na iyali.

Maigida da uwargida, saura naku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi, kilishi da busasshen kifi. Magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, don haka miyar da aka sa wa ɗunƙule biyar sannan aka watsa gishiri da hannu an yi mata gishiri sau biyu. A ajiye cokalin shayi a cikin gwangwanin gishiri a riƙa aunawa, a rage ɗunƙule ɗaya a ƙara daddawa, albasa da citta. Idan aka rage a hankali, cikin 'yan makonni harshe ke sabawa; idan aka yanke rana ɗaya, maigida zai ce a miƙo masa gishiri.

Hawan jini yawanci ba ya ciwon kai, ba ya jiri, sai awo ke nuna shi. Duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa aunawa ko da ranar kasuwa ce in ya shigo gari, mai ciki kuma a kowane zuwa awo. A zauna a huta minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, ba a magana. Idan ya kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu daban-daban, a ga ma'aikacin lafiya. Wanda aka ɗora a kan magani ya ajiye shi kusa da dardumar salla ya sha bayan asuba, ya kuma sayo wani tun saura na mako ɗaya. Awo ya yi kyau saboda ana shan maganin ne, ranar da aka daina jinin zai sake hawa.