Thailand: Talaka Ya Zaɓa, Kotu da Soja Su Tsige

Wanda ke son gane siyasar Thailand sai ya koma 1932, lokacin da wasu hafsoshin soja da ma'aikatan gwamnati suka rage wa sarki iko. Tun daga nan soja bai zauna a bariki ba. An yi juyin mulki fiye da sau 10, kuma kundin tsarin mulkin 2017 shi ne na 20.

Rigimar yau ta samo asali ne a 2001, da attajiri Thaksin Shinawatra ya ci zaɓe. Ya kawo tsarin da talaka zai ga likita da baht (kuɗin Thailand) 30 kacal, ya ware wa kowane ƙauye baht miliyan 1 na rance. Manoman arewa da arewa maso gabas suka riƙe shi hannu bibbiyu. Manyan Bangkok da na kusa da fada kuwa suka zarge shi da handama, sojoji suka kifar da shi a 2006 yana New York. Magoya bayansa masu jajayen riguna sun mamaye tsakiyar Bangkok a 2010, aka kashe mutum kusan 90.

Ƙanwarsa Yingluck ta hau a 2011, ta riƙa sayen shinkafa a hannun manoma sama da farashin kasuwa. Rumbuna suka cika, gwamnati ta tafka asara, Indiya ta ƙwace kambun fitar da shinkafa, wadda buhunanta har kasuwanninmu suke zuwa. A 2014 kotun tsarin mulki ta tsige ta, Janar Prayut Chan-o-cha ya karɓe mulki.

Abin da ya fi damuna shi ne na 2023. Jam'iyyar matasa ta Move Forward ta fi kowa kujeru, amma sanatoci 250 da sojoji suka naɗa suka taimaka aka hana shugabanta Pita Limjaroenrat zama firaminista. Laifinta kawai neman gyara sashe na 112 na dokar hukunta laifuka, wanda ke ɗaure mai ɓata sunan sarki shekara 3 zuwa 15. A 2024 kotu ta rusa jam'iyyar baki ɗaya.

Gidan Shinawatra ma bai tsira ba duk da sasantawar da ta dawo da Thaksin gida daga gudun hijira a 2023. A Agustan 2025 kotun nan ta tsige 'yarsa Paetongtarn daga kujerar firaminista saboda wata hirar waya da ta yi da Hun Sen, tsohon firaministan Kambodiya, a Satumba majalisa ta zaɓi Anutin Charnvirakul ya gaje ta.