Tukunyar Sinawa ta canza, kuɗin asibiti ya biyo baya

A shekarar 1980, da aka yi binciken ƙasa baki ɗaya a Sin, masu ciwon suga ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Da aka sake aunawa a 2010, an samu kusan manya 12 cikin kowane ɗari. Yau ana maganar mutum wajen miliyan 140. Ni da nake wuni ina auna hawan jini da sugan jama'a a ƙaramin asibiti, waɗannan alƙaluma sun daɗe suna tsaya min a rai, shi ya sa nake so mu duba yadda abin ya faru.

Dattawan ƙauyukan arewacin Sin sun tashi ne da gero da dawa da masara da dankali da kabeji, nama kuwa sai biki ko sabuwar shekara. Da yawansu sun ga yunwar 1959 zuwa 1961 da idonsu. Da jagoran ƙasar Deng Xiaoping ya buɗe tattalin arziki a 1978, kuɗi ya shigo hannu, sai farar shinkafa da farar fulawa suka ture hatsin da ba a cashe ba, nama ya zama na kullum, mai ya yi yawa a kasko. KFC, mai sayar da soyayyar kaza ta Amurka, ta buɗe shagonta na farko a Beijing a 1987, lemon kwalba ya shiga gidaje. A lokaci guda mutane suka bar gona da keke suka koma ofis da mota. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Wanda ya kwana da yunwa yana yaro, in Allah ya buɗa masa, jikansa zai yi ta ɗura wa abinci. Amma rahoton hukumar lafiyarsu na 2020 ya nuna fiye da rabin manya nauyinsu ya wuce kima, kuma mutum ɗaya na shan man girki wajen giram 43 a rana, alhali shawarar likitocinsu 25 zuwa 30 ce.

Gishiri shi tsohon abu ne a girkinsu, daga ganyen da ake jiƙawa a ruwan gishiri zuwa romon waken soya. Abin da suke ci ya kusa ninka giram 5 a rana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce. Ga hawan jini a jikin manya kusan miliyan 245, ga shanyewar ɓarin jiki a sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mutane a ƙasar.

Nan ne maganar aljihu ta shigo. Zazzaɓi ka biya sau ɗaya ka warke. Suga da hawan jini kuwa wata-wata ne: magani, gwaji, kuɗin mota, in abu ya yi nisa allurar insulin ko wankin ƙoda. A 2001 wajen kashi 60 cikin ɗari na kuɗin jinya a Sin daga aljihun iyali yake fita, har mutane suka yi wata magana da ta zama ruwan dare, "kan bing nan, kan bing gui", wato ganin likita da wuya, ganin likita da tsada. Gwamnati ta kawo inshorar lafiya ta karkara a 2003, yanzu fiye da kashi 95 na jama'a na da inshora, rabon aljihu ya sauko ƙasa da kashi 30. Duk da haka, da aka yi rajistar gidajen matalauta, fiye da huɗu cikin goma rashin lafiya ne ya jefa su a ciki. Ku tuna kuma da tsohuwar dokar haihuwar ɗa ɗaya da ta yi aiki a Sin har ƙarshen 2015: miji da mata biyu rak ke ɗauke da iyaye huɗu da yaro. Uba ɗaya ya shanye, dole wani ya ajiye aikinsa a birni ya koma jinya. Wannan asarar babu inshorar da ke biyan ta.

Abin da ya ƙarfafa min gwiwa shi ne sun gwada mafita, kuma a madafa suka same ta. A birnin Daqing, daga 1986, an ɗauki mutum 577 da suga ya fara yi musu barazana, aka sa wasu gyara cin abinci da motsa jiki na shekara shida. Bayan shekara 30 aka tarar ciwon ya jinkirta musu da kusan shekara huɗu, mace-macen ciwon zuciya sun ragu. A ƙauyuka 600 na arewa kuma, an ba mutum kusan 21,000 ko dai gishirin da suka saba ko wanda aka maye rubu'insa da sinadarin fotashiyam. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kashi 14. A Beijing har ƙaramin cokali mai ɗaukar giram 2 aka raba wa gidaje don uwargida ta san abin da take zubawa.

Mu a Najeriya fiye da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihu muke biya, ga shi mun kama hanyar barin tuwon dawa zuwa taliyar leda da lemon kwalba. Hajiya, in kin sa dunƙule a miya, rage gishirin, domin shi ma gishiri ne. Ki auna mai da cokali, ki daina tuttulawa daga galan. Alhaji, in ka haura arba'in, je a auna jininka da suganka ko ba ka jin komai, hawan jini ba ya sallama. Gishirin fotashiyam ɗin nan kuma, mai ciwon ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini kada ya taɓa shi sai ya tambayi likitansa.