Ƙarin mahaifa mai kama da cutar kansa alhali ba ita ba ce

Likita ya ce faibroid ɗina bai yi kama da wanda aka saba gani ba, kansa ce ke nan?

A'a Hajiya, ba haka ya ce ba. Mafi yawan ƙarin da ke fitowa a tsokar mahaifa ba kansa ba ne, har waɗanda suke da ban tsoro a ido.

Sikanin ba zai nuna ba?

Ba zai tabbatar ba. MRI ya fi shi gani amma shi ma zato yake bayarwa. Na gaji da maimaita wannan wallahi.

An ba mu abin da aka ciro a cikin roba, mu binne?

Don Allah kar ku binne! Nan ne ake cutar mara lafiya ba a sani ba, a gama tiyata lafiya, dangi su leƙa robar su yi salati, sai a haƙa rami a bayan gida. To da me za a gane ko mene ne? A zuba masa fomalin, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, ya rufe shi ruf, ba ruwan famfo ba, ba firiza ba, a kai ɗakin gwajin nama a biya kuɗin, a koma a karɓo sakamako a kai wa likitan da ya yi aikin.

Me ya sa su kansu likitoci suke rikicewa?

Saboda wasu nau'ikan suna yin abin da kansa ke yi. Akwai wanda yake faso bangon mahaifa ya bazu jajawur kamar mabiyiya, sai a 1996 aka yi cikakken bayaninsa, mai tiyata na buɗe ciki gabansa zai faɗi, amma ba kansa ba ne. Akwai mai bin cikin jijiyar jini, wani lokaci har ya kai zuciya. Akwai wanda ake tsinta a huhu shekaru bayan an cire faibroid. Shi mai duba nama a maikiroskop abu 3 yake nema: lalacewar siffar ƙwayoyin, yawan rabuwarsu (10 ko fiye a fili 10 na madubin), da wata irin mutuwar nama da kansa ke yi. Galibi sai 2 sun haɗu ake cewa kansa ce.

Sakamakona ya ce STUMP, shekaruna 29 ban haihu ba, a cire mahaifar ko a bari?

Ki kwantar da hankalinki ƙanwata, amma wannan ba ta da amsa ɗaya. STUMP na nufin naman ya nuna wata alama amma bai cika sharuɗɗan kansa ba, yawancinsu ba sa dawowa, kaɗan kuma sukan dawo, wani sa'in bayan shekaru masu yawa. Ni da farko zan so wani mai duba naman daban ya sake duba gilasan da aka ɗora yankan naman a kai, don wannan waje ne da ƙwararru ma suke saɓani. Sannan ya danganta, an ciro shi ɗungurungum ko an yayyanka shi a cikin ciki, an bar saura ko ba a bari ba, kuma za ki iya zuwa asibiti duk bayan 'yan watanni na tsawon shekaru ko da ma daga kin ji sauƙi shi ke nan. Wadda ta gama haihuwa yawanci shawarar cirewa ake ba ta. Irinki ana iya barin mahaifar a sa ido sosai, akwai waɗanda suka haihu a haka, sai dai ban isa in yanke miki ba tunda ban ga gilasanki ba. Ki je da maigida ku zauna da likitanki.

Maganin gargajiya zai narkar da shi?

Ba zai narkar ba. Lokaci kawai za ki ɓata.

Nawa yana girma da sauri fa?

Idan kina al'ada har yanzu, saurin girma shi kaɗai ba hujja ba ce. Idan kuwa al'ada ta ɗauke miki amma ƙarin na ƙaruwa ko jini ya dawo, kar ki jira wata ya ƙare Mama, ki je asibiti a satin nan.